Na yi wa yayar mijina saƙar riga, ta dawo min da ita a gaban mutane

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 28, ina zaune a Jos da maigidana da yara biyu. Tun ina 'yar makaranta na koyi saƙa a wurin mahaifiyata, kuma da ita nake rufa wa kaina asiri: hulunan jarirai, safa, rigunan sanyi, shawul. Da hunturu ya shigo ba na samun zama.

Kwanakin baya yayar maigidana da ke aure a Abuja ta turo min hoto ta WhatsApp, wata rigar mata ta saƙa mai huji-huji kamar leshi, zanenta kamar igiyar ruwa. Ta ce in yi mata irinta, zafin Abuja ya ishe ta. Na ji daɗi ƙwarai, don ba ta taɓa neman wani abu a wurina ba. Na ji nauyin in yi mata maganar kuɗi ko in tambayi awonta, sai na kintata da ido. Na je Taminus na sayi zaren auduga dunƙule 7 da kuɗin adashina, naira 21,000. Ban taɓa saƙa da auduga ba, kuma da tsinkena na kullum na yi, mai milimita 5. Sati bakwai ina kanta, kullum dare kamar awa biyu bayan yara sun yi barci. Na kai tasha aka tafi mata da ita, ta kira ta yi godiya, ta ce ta yi kyau.

Da suka zo Sallah, a falon Hajiya, uwar mijina, ga facaloli ga baƙi, sai ta ciro rigar daga leda ta ɗaga sama. Wallahi ban gane ta ba. Ta zazzago kusan gwiwa, wuya ya wage. Ta ce wanki ɗaya aka yi mata aka shanya a igiya, wai wannan ai komar kamun kifi ce. Aka yi ta dariya. Hajiya ta karɓa ta duba, ta ce ita ba ta ga abin da zai sa matar aure ta zauna tana saƙa kayan tsiraici ba. Da muka koma gida maigida ya ce in bar maganar, kada in tambayi ko sisi, in koma wa hulunana.

Rigar tana nan cikin durowa, ko kallonta ba na son yi. Ga shi mata biyu da suka ga hotonta tun tana sabuwa suna ta damuna in yi musu. Kullum ina kwance ina saƙa da warwara. In nemi kuɗina? In daina irin wannan saƙar? Da gaske abin kunya na yi?

Ƙanwarki, daga Jos.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah Ya huci zuciyarki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne inda kika ce kin ji daɗi don ba ta taɓa neman wani abu a wurinki ba. A nan na gane nauyin da kika ɗora wa rigar nan. Kin so dangin mijinki su ga hannunki, su san matar ɗansu tana da abin da ta iya. Sai ga shi abin da kika yi don a yaba miki, shi aka ɗaga sama ana dariya. Duk matar da ta taɓa tsayawa a falon surukai fuskarta na zafi, tana murmushin yaƙe don kada hawaye ya zubo, ta san abin da kika ji. Ba ki yi raki ba.

Bari ma in nuna miki girman aikin da kika yi, don na ga alamar ke kanki kin fara raina shi. Rigar babbar mace irin wannan, a kowane zagaye akwai ido, wato maɗaukin zare, sama da 200 a kan tsinke, kuma daga ƙasa zuwa kafaɗa layi ya haura 150. Ki lissafa da kanki, ido sama da 30,000 ke nan, kowanne da yatsunki ya wuce. Sati bakwai, awa biyu kullum, kusan awa 100 ce kika tsakura daga barcinki. Ki riƙe wannan lissafin, zai yi mana amfani a gaba.

Na fara da rigar kanta, don in kika gane abin da ya same ta, rabin ƙuncin zai tafi. Ni ma a Jos na tashi, kuma ina tuna mahaifiyata zaune gaban kaskon gawayi da asubar hunturu, dunƙulen ulu a cikin kwano don kada ya gangara ƙasa, tana ƙirga ido da leɓe ba tare da sauti ba. A babbar kasuwar Taminus take sayen ulunta, kafin gobarar 2002 ta cinye kasuwar. Garin da ke sama da mita 1,200 a kan tsauni, wanda daren Disamba da Janairu ke sa mutum neman bargo biyu, dole matansa su ƙware a saƙar sanyi. Hannunki a nan ya koyi aiki, kuma a kan ulu ya koya. Ulun da muke yi wa jarirai kaya da shi yawancinsa na roba ne. Ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa sosai, in an ja shi yakan koma inda yake. Shi ya sa shekara da shekaru kina saƙa da ido kawai, ba gwaji ba awo, kuma ba a taɓa dawo miki da hula ba.

Auduga halinta daban. Kin yi daidai da kika zaɓe ta, don a zafin Abuja na watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 35, rigar ulun roba azaba ce, gumi take tarawa. Auduga tana shan gumi, iska na ratsa ta. Amma ba ta da tsalle, in ta miƙe ba ta komawa da kanta. Tana shan ruwa har nauyinta ya ninka. Sannan ki tuna yadda ake samar da hujin: ki zagaya zare a kan tsinke ki ƙara ido, ki haɗa ido biyu a wani wuri ki rage. Kowane huji wuri ne da babu abin da ke riƙe da saƙar. To ki haɗa su: zaren da ba ya komawa, saƙa mai huji, tsinke mai kauri da ya sa idanun suka yi sako-sako, sannan a jiƙa ta sharkaf a rataye a igiya. Nauyin ruwan ne ya ja ta ƙasa, ta bushe a haka. Ko gwanar da ta shekara 40 tana saƙa ce ta yi rigar nan, in an rataye ta da ruwa sai ta zazzago.

Amma ba zan ɓoye miki naki ba, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kin ɗauki zaren da ba ki sani ba kika hau babban aiki ba tare da kin gwada shi ba. Kin yi wa jikin mace riga da kintace. Kuma kin saka ta a leda kin aika ba ki gaya wa mai ita yadda ake wanke ta ba. Duk ukun daga wuri ɗaya suka fito, wato nauyin baki. Kin ji kunyar tambayar awo, kin ji kunyar maganar kuɗi, kuma na tabbata kin ji kamar rashin ladabi ne ki koya wa yayar miji wanki. Kunya ado ce gare mu, ba na so ki rabu da ita. Sai dai a sana'a, maganar da aka ƙi faɗa a farkon aiki ita ce ke dawowa a ƙarshensa, kuma ba ta dawowa da daɗi.

Ciro rigar daga durowa. Akwai kyakkyawan zaton za ta gyaru. Ki jiƙa ta a ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi kamar minti 20, ki ɗauraye, ki ɗago ta da hannu biyu a dunƙule kamar za ki ɗauki jariri daga baho, kada wani sashe ya yi lilo. Kar ki murɗe. Ki shimfiɗa ta a kan tawul, ki naɗe su tare kamar tabarma, ki danna har tawul ɗin ya shanye ruwan. Sai ki shimfiɗa ta a busasshen tawul a inuwa, ki ɗauko tef ɗin awo, ki riƙa tattaro ta da tafin hannu, kina turo tsawon sama, kina buɗa faɗin, har ta zo awon da kike so. Ki bar ta a kwance ta bushe sarai, in da damina ne tana iya kwana biyu, ki juya ta sau ɗaya. Wuyan da ya wage kuwa, ki ɗauki kwarashi siriri ki bi bakinsa da layi ɗaya ko biyu na ƙananan ido masu tsauri. Ki ɗinka siririn ƙyalle ta ciki a kan kafaɗu daga wuya zuwa hannu, don nan ne duk nauyin riga ke rataye. In bayan wannan ba ta yi miki ba, zaren bai mutu ba. Ki warware, ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa, ki shanya a inuwa, lanƙwasar za ta miƙe ya koma kamar sabo.

Wannan ya kawo mu maganar kuɗi, kuma a nan ina ganin maigidanki ya fi kusa da gaskiya, ko da yake yadda ya faɗa bai sanyaya miki rai ba. Ba ku yi ciniki ba. A wurinta, ta roƙi matar ƙaninta alfarma aka yi mata. In yau kika ce ta biya, za ta ce yaushe muka yi haka, kuma dangi za su ba ta gaskiya. Sannan rigar tana hannunki, zarenki na naira 21,000 ya dawo gida. Abin da ya tafi shi ne daren da kika raba, kuma ba zan ce miki ƙaramin abu ba ne. Amma a cikinsa kika koyi zanen da mata biyu ke bin ki a kansa yanzu. Ki bar kuɗin, ki bar shi da zuciya ɗaya, kada ya zama abin da za ki riƙa tayarwa duk ranar da aka saɓa.

Dariyar da aka yi miki ce ban ce ki haɗiye ba. Da ƙanwar miji ce sai mu ce wasan da ke tsakaninku ne ya yi yawa. Yayar miji kuwa babba ce, matsayinta kusa da na uwa, ita ya kamata ta ja ki ɗaki ta rufa miki asiri. Ta yi kuskure. Duk da haka ki ɗan leƙa ta nata ɓangaren, don ki san yadda za ki shiga mata. Ta karɓi riga mai kyau, wataƙila har ta saka ta nuna wa ƙawaye ta ce matar ƙanina ce ta yi. Wanki ɗaya ta lalace. Wadda ta saba shiga kasuwar Wuse ta ɗauki riga a rataye ba ta san sati bakwai ake yi a kan guda ɗaya ba, kuma tana iya zaton zare mai araha kika saya mata. Mai yiwuwa haushi ne ya fito a siffar wasa, ta ga an yi dariya ta ƙara. Wannan bai wanke ta ba, amma ya nuna ba lalle ne ƙiyayya ba ce, kuma ban ga wani abu a wasiƙarki da ya nuna ta saba yi miki haka ba.

Ki bari sai kin gyara rigar, sannan ki kira ta. Kira, da muryarki, ba rubutu ba, kuma ba a zauren dangi na WhatsApp ba. Bayan gaisuwa da tambayar yara da Alhaji, ki ce mata wani abu kamar haka: Anti, na duba rigar nan na gano matsalarta. Zaren auduga ba ya son a rataye shi da ruwa, kuma laifina ne da ban gaya miki ba. Na gyara ta, in kina so ki turo min awonki in daidaita in aiko miki. Sai ki ɗan yi shiru, ki ƙara da cewa: amma Anti, wallahi ranar nan na ji kunya ƙwarai a gaban mutane, sati bakwai na yi ina yi miki ita, da kin kira ni mu biyu da na fi jin daɗi. Iyakar abin ke nan. Kar ki ƙara, kar ki jawo tsohon zance. Kin fara da ɗaukar naki laifin, don haka kin buɗe mata ƙofar da za ta ɗauki nata ba tare da girmanta ya zube ba. Manya da yawa ba sa iya furta yi haƙuri ga na ƙasa da su. In kika ji ta ce ayya, ai ban san haka ba ne, ko kika ga ta aiko wa yara tsaraba, ki karɓa a matsayin ban haƙuri. In kuwa ta basar ko ta ƙara wata maganar, ki yi mata sallama cikin ladabi, ki riƙe rigarki ta zama samfurin da za ki nuna wa masu saye. Zumunci na nan, gaisuwa na nan, amma ba dole ki sake yi mata aiki ba.

Maganar Hajiya ta fi ta kowa nauyi a wurina, kuma ba na so ki ɗauke ta a matsayin tsangwama kawai. Dattijuwa ce aka miƙa mata riga shara-shara, wuya a wage, ba komai a ƙarƙashinta. Abin da ya faɗo mata a rai shi ne hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya yi gargaɗi a kan mata masu tufafi amma tsirara, kuma duk wadda ta zauna a Islamiyya ta ji shi. Tsoronta na gaskiya ne, tana kishin mutuncin gidan ɗanta. Amma tambayarki ita ce ko kin yi abin kunya, kuma amsata ita ce a'a. Ki buɗe akwatin kowace Hajiya a Jos ki ga leshi nawa ne a ciki masu huji da yatsa zai shiga. Ba wanda ya ce da mai sayar da leshi yana sayar da tsiraici, don kowa ya san tela zai sa masa shafi. Rigarki haka take. Ana saka ta a kan shimi mai hannu ko a kan doguwar riga, a ɗora mayafi ko hijabi in za a fita. A cikin ɗaki kuwa, aya ta 31 ta Suratun Nur ta jero waɗanda mace za ta bayyana adonta a gabansu, kuma miji ne na farko. In zuciyarki na son ƙarin natsuwa a kan hukuncin sayarwa, ki kai wa malamarku ta Islamiyya rigar ta gani da idonta, ki tambaye ta.

Sai dai kada ki je ki yi wa Hajiya wannan bayanin da baki, zai zama kamar kina mayar mata da magana. Ki bari idonta ya gani. Ga wata dabara da na so ki yi tunani a kanta tun kafin ki jiƙa rigar: tsawon nan da ya zama abin dariya, shi ne abin da zai iya sa Hajiya ta karɓe ta. Riga mai kai wa kusan gwiwa, an gyara mata wuya, an saka ta a kan baƙar doguwar riga mai dogon hannu, sutura ce cikakkiya, kuma kyakkyawa. Wata ranar Juma'a da za ku je gaishe ta, ki saka ta haka a ƙarƙashin hijabinki. In kin shiga ɗakinta kin cire hijabi kin durƙusa kin gaishe ta, ki yi shiru. In ta tanka, ki ce: Hajiya, rigar nan ce, dama haka ake saka ta. In hunturu ya matso kuma, ki saƙa mata safa mai kauri ta sallar asuba. Wannan aikin hannunki ne da ta riga ta sani ta yarda da shi, kuma zai tuna mata cewa hannun da ya yi waccan shi ya yi wannan.

Shi kuma maigida, ki tausaya masa kaɗan. An sa shi tsakanin uwa da yaya da mata, kuma maza da yawa in sun shiga wannan matsin, wadda suka fi sakewa da ita suke cewa ta yi haƙuri. Kada ki nemi ya zaɓi ɓangare, kada kuma ki kira yayarsa ba da saninsa ba. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa kin ji maganarsa, kin bar zancen kuɗi har abada. Wannan zai kwantar masa da hankali ya saurari sauran. Sannan ki gaya masa awa nawa rigar ta ci, don ina kyautata zaton bai taɓa lissafawa ba, yana barci kike yi. Ki nuna masa saƙon matan nan biyu. Ki nuna masa cewa kasuwar hula da safa ta hunturu da damina ce, daga Fabrairu zuwa Afrilu tsinkenki kusan a ajiye yake, kuma rigar zafi ce za ta cike wannan giɓin. Abin da kike nema a wurinsa shi ne izinin ci gaba, da kuma in zancen ya sake tasowa a gaban Hajiya, shi ya ce da saninsa kike yi. Kalma ɗaya daga bakin ɗa ta fi goma daga bakin suruka. In ya nuna damuwarsa a kan hujin ne, akwai tsaka-tsaki: jikin rigar ya zama saƙa toshe, adon huji ya tsaya a bakin hannu da gindin riga, ko ki riƙa yin mai buɗaɗɗen gaba wadda dole sai a kan wata rigar ake saka ta. In ya ce a'a gaba ɗaya, kada ki yi a ɓoye. Ki ba shi lokaci, ki bar shi ya ga rigar a jikinki, ki sake ɗauko zancen bayan wata ɗaya ko biyu. Sana'ar hannu ga matar aure ba baƙon abu ba ce a addininmu, Nana Zainab bint Jahsh, matar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunta take aiki tana sadaka da abin da ta samu.

In ya amince, ki karɓi aikin mace ɗaya tukuna, ɗayar ta jira. Kafin ki ɗora ido ko ɗaya na rigar, ki yi ɗan gwaji da zaren da zanen da za ki yi, faɗin inci 6 tsawon inci 6. Ki sauko da tsinke, ki gwada milimita 3.5 ko 4 in zaren matsakaici ne. Ki wanke gwajin yadda za a wanke rigar, ya bushe a kwance, sannan ki rataye shi kwana ɗaya da 'yan maƙalan shanya a gindinsa don ki ga yadda nauyi zai ja shi. Bayan nan ne za ki ƙirga ido nawa ke cikin inci 4 a tsakiyarsa. Kada ki raina bambancin ido biyu. In kin yi lissafi a kan ido 22 a inci 4, kika ɗora 242 don ƙirji mai inci 44, amma bayan wanki ya koma ido 20, rigar za ta fita sama da inci 48. Inci 4 ke nan suka ƙaru daga abin da yamma ɗaya ta gwaji za ta nuna miki. Zanen igiyar ruwan nan, wanda matan tsibiran Shetlan na Sikotilan suka yi suna da shi, a yadda aka fi yin sa ido 18 ne ke maimaituwa a layi 4, don haka adadin idonki ya zama wanda 18 za ta raba, ban da na gefe. In lissafi ya faɗa tsakanin biyu, da auduga ki ɗauki na ƙasa. Ki sa ɗan zoben zare mai wani launi bayan kowane 18, kuskure zai nuna kansa nan take. Kuma duk bayan layi 12 ki zura siririn zare ta cikin dukkan idanun da ke kan tsinke ki bar shi a nan. Ranar da yaro ya fizge miki tsinke, iyakar warwarar a wannan zaren za ta tsaya.

A kasuwa ma ki buɗe ido. Ki nemi auduga mai sheƙi, mai murɗi sosai, ta fi riƙe siffa kuma huji ya fi fitowa tsaf a kanta. In kina shakkar abin da aka miƙo miki, ki roƙi ɗan guntu ki kyasta masa ashana a gefe. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri. Ki sayi duk abin da rigar za ta ci a lokaci ɗaya, har da ƙarin dunƙule guda, kuma ki duba lambar rini a takardar kowanne ta zama iri ɗaya, don fari ma yana da kala-kala in an fita rana.

Sauran duk magana ce, wadda kika ji nauyin yi a farko. Ki auna mai rigar da tef, ƙirji da tsawo da hannu da faɗin wuya, in tana nesa ta je wurin telanta ya auna ta turo. Ki tambaye ta a kan me za ta saka. Ki faɗi kuɗinki a fili, kuɗin zare daban, ladan hannu daban, kina tuna awa 100 ɗin nan, ko da yake ta biyu ba za ta ci miki haka ba. Ki karɓi kafin alƙalami da zai sayi zaren gaba ɗaya, ki faɗi ranar gamawa da ƙarin sati ɗaya a kan abin da kike zato, kuma duk wannan ya kasance a rubuce a wayarku. In 'yar'uwa ce ko dangin miji, ki yanke tun farko: ko ki ce kyauta ce na ba ki, ko ki ce ki kawo kuɗin zare ni na yafe na hannu. Hoton da za ki sa a waya kuma ya zama rigar tana shimfiɗe ko tana kan wata rigar, ba a jikinki ba, wannan zai rufe bakin masu magana. A cikin kowace leda ki sa 'yar takarda da rubutun hannunki: a wanke da hannu a ruwan sanyi, kada a murɗe, kada a rataye, a shimfiɗa a inuwa, a ajiye ta a ninke.

Yau da dare, in yaran sun yi barci, ki ɗauko baho da tawul biyu da tef ɗinki. Ki auna rigar kafin ki jiƙa, ki rubuta, ki sake aunawa in ta bushe. Ki rubuto min inci nawa ta dawo, da abin da yayar mijinki ta ce da kika kira ta. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya daidaita tsakaninki da dangin mijinki, ki shafa min kan yara.